Ƙotar itace ko ta faiba: wacce zan saya wa leburorina?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, ina da leburori shida. Aikinmu haƙan fandisho da fasa tsohon kankare, wani lokacin har da dutse. Ƙotocin itace sun ishe ni, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini diga ko guduma da karyayyiyar ƙota ba. Na ga masu ƙotar faiba a kasuwa, amma da tsada. In saye su in huta, ko in ci gaba da na itacen? Wani abokina kuma ya ce in kai wa mai walda ya liƙa musu fayif kawai, a wuce wurin.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sa wa kwangilar albarka. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, sannan mu warware ta. Gudumomin fasa kankare da yaranka ke karɓa-karɓa, saya musu masu ƙotar faiba, amma ta gaske. Digogi ka bar su da itace, sai dai ka canza inda kake sayen itacen. Maganar fayif kuwa, yi wa abokin naka godiya, ka bar ta a inda ka ji ta.

Ni a gindin masassaƙi na tashi, mahaifina ƙotoci da turame yake sassaƙawa. Na yi shekaru ina foman a aikin hanya, yanzu kuma ina zaune a shago ina sayar da kayan aiki, na itacen da na faibar duka. Saboda haka ko wacce ka saya ni dai na ci riba, ba ni da dalilin karkata.

Kafin ka kashe ko kwabo, je ka sito ka kwaso karyayyun ƙotocin nan, in ba a riga an hura wuta da su ba, ka jera su a ƙasa ka duba inda kowacce ta karye. Karaya tana faɗin wanda ya yi ta. In ka ga wuyan ƙotar, wato ɗan wurin da ke ƙarƙashin ƙarfen, ya tattauna kamar wanda jaki ya gaigaya, wannan aikin hannu ne: yaro ya ɗaga guduma, ya zarce, kan ya wuce cizal ko gefen kankaren, wuyan ƙotar ya sha bugun. Sau goma, sau ashirin, sai ta tafi. In kuma ka ga ta tsage a karkace, tsaga mai santsi da ta fara daga gefe ɗaya ta ɓulle a ɗaya gefen ta bar tsini kamar mashi, wannan ba laifin yaro ba ne, tun ranar da aka yanke ta aka yanke ta da ajalinta. In ta ɓalle gutsul kamar ɗanyen rogo, babu zare babu sartse, ko ka ga gari yana zuba daga 'yan ƙananan ramuka, to ko itacen banza ne, ko ƙwaro ya riga ka cinye shi. Daga cikin ukun nan, ta farko kaɗai ce faiba ke magancewa da abin da itace ba zai iya ba. Sauran biyun maganinsu itace mai kyau, kuma ya fi faiba araha nesa ba kusa ba.

Ita faibar, kada sunan roba da wasu ke kiranta da shi ya rikita ka. Abin da kake gani a waje, mai ruwan ɗorawa ko ja, riga ce kawai ta roba. Ƙarfin yana ciki: zaren gilashi ne sirara, sun fi gashin kai siranta, dubbai, an jera su a miƙe daga wannan kai zuwa wancan, an jiƙa su da wani irin ƙaro, aka ja su ta cikin bututu mai zafi suka daskare suka zama sanda guda. A Amurka aka fara sarrafa zaren da yawa don sayarwa, kamfanin Owens-Corning da aka kafa a 1938 shi ya yi suna da shi, daga baya masu ƙera kayan aiki suka ga ai zai yi ƙota. In ka lura, dabarar itace suka kwaikwaya: shi ma itace zare ne a miƙe da abin da ya liƙe su. Bambancin shi ne zaren faiba injin ne ya jera shi, babu kulli, babu karkata, ba ya shan ruwa, gara ba ta cinsa. Ƙota dubu in kamfani ɗaya ya yi su, ƙarfinsu ɗaya ne. Itace kuwa ko daga bishiya ɗaya aka saro, wata ƙotar ta yi shekara biyar, 'yar'uwarta ta karye ran kasuwa.

To me ya sa na ce faiba a guduma? Gudumar fasa kankare kanta yakan kai laba 10 zuwa 14, wato kilo huɗu da rabi zuwa shida da ɗoriya, a kan ƙota mai tsawon inci 36. Wanda ya gwanance yana sauke ta a inda idonsa yake. Amma leburan yini, wanda jiya dako yake yi yau aka miƙa masa guduma, ga rana ta take, ga gajiya bayan azahar, dole ya yi ta zarcewa. Kai kuma ba za ka tsaya a kansa kana ƙirga masa bugu ba. Rigar robar nan tana shanye irin wannan kuskuren sau da yawa kafin zaren ciki ya ji, kuma ko ya ji ba ya ɓallewa gida biyu lokaci guda, sai dai ya yi fari, ya tarwatse kamar bakin tsintsiya, ƙotar ta yi laƙwas, kowa ya ga ta mutu. Ga kuma halin 'yan aiki da kayan da ba nasu ba: a bar guduma a cikin ramin fandisho ruwa ya kwana a kanta, gobe a jefa ta bayan mota rana ta gasa ta. Itace ba ya jure wannan wulaƙancin. Faiba tana jurewa, zuwa wani lokaci.

Na ce zuwa wani lokaci, domin ranar ƙasar nan ba ta bar roba ba. Ka dubi kujerar roba ko bokitin da aka bari a tsakar gida shekara guda, yadda yake koɗewa ya yi gari-gari ya fara tsattsagewa. Haka rigar ƙotar take yi. In ta tsage zaren ya fito, sartsensa ya fi na itace mugunta, domin gilashi ne, ba ka ganinsa balle ka cire, sai ƙaiƙayi da zafi kwana da kwanaki. Ƙotar da ta kai nan a jefar da ita, kada a naɗe ta da salatif a ce a lallaɓa. Wuta ma ba ƙawarta ba ce: gam ɗin da ya riƙe kan yana laushi in ya ji zafi, shi ya sa ba za ka ga maƙeri mai hankali da gudumar faiba a bakin maƙera ba.

Babban aibinta dai shi ne ranar da ta mutu. Ƙotar itace in ta karye, ka fitar da guntun, ka kwaɓa wata, kafin a gama cin abincin rana an koma aiki. Ta faiba da gam mai haɗi biyu aka cika ramin kan, irin su Araldite, ya daskare kamar dutse. Sai ka yanke ta da zarto, ka sa injin huda ka yi ta huda gam ɗin, ka sa ƙarfe ka doke ragowar. Sabuwar ƙotar faiba da gam ɗinta ba kowane shago ke ajiye su ba ko a manyan kasuwannin kayan gini irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja, balle kana aiki a wani ƙauye, kuma in ka samu ka liƙa sai ta kwana ta yini kafin a taɓa ta. Abin da akasari ake yi shi ne a fitar da faibar a sa itace. Don haka tun wurin saye ka leƙa ramin kan, ka zaɓi wanda raminsa yake da faɗi irin na gudumar da aka saba, mai siffar ƙwai, domin wata rana itace zai koma ciki.

Diga kuwa labarinta daban ne, kuma a nan ne nake ganin mutane suna zubar da kuɗi a banza. Dubi yadda aka yi ta: ramin kan diga ya fi faɗi ta sama, ƙotar ma kanta ya fi kauri. Ta wajen mariƙi ake zura ƙarfen ya gangaro har ya cije a kaurin. Babu weji, wato ɗan fiƙaƙƙen itace ko ƙarfen da ake dannawa a saman ƙota don ta cije, babu ƙusa, babu gam. Duk sarar da aka yi ƙara cije shi take yi, kuma ba shi da hanyar ficewa ta gaba. In itacen ya rame kan ya yi kwal-kwal, ka buga kan ƙotar a kan dutse sau biyu, ya koma ya zauna. In ta karye, canjin minti biyu ne, ko ƙwarewa ba ya so. Wato duk abin da ake tsoro a ƙotar itace, wanda ya ƙera diga ya riga ya yi maganinsa. Sannan mai diga ba kamar mai guduma ba ne da zai yi bugu talatin ya miƙa wa wani. Tun safe yake sara har la'asar, a marmara ko busasshiyar jar ƙasa, kuma duk sara sai ta dawo masa a hannu. Itace yana shanye wannan girgizar fiye da faiba. Akwai masu musun haka, kamfanonin faiba ma suna rubuta cewa tasu tana rage girgiza, kuma in da ƙarfe aka gwada ta gaskiya suka faɗa. Amma ni na riƙe duka biyun yini guda-guda, na san wacce ke hana ni barci da ciwon gwiwar hannu. Ka tambayi tsofaffin masu haƙan rijiya ko masu faskare, ka ji wacce za su ɗauka in an ajiye musu.

Akwai wani abu kuma da mai saye ba ya lura da shi sai mai aiki. A diga da gatari da babbar guduma, hannun gaba ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba: yana kusa da kai lokacin ɗagawa, ya zamo ƙasa ya tarar da ɗan'uwansa lokacin saukewa. Itacen da ya sha hannu yana barin tafi ya zame sumul, yana kuma shan gumi. Roba ba ta shan gumi. In ta jiƙe ta yi santsi, in ta bushe ta kama fata, ga bororo. Mai kanta a hannu ma yana ji. In ka sayi faiba ka haɗa da safar hannu, ka sa a lissafinka. Kuma ƙotar itace in ta yi wa mutum kauri sai a kankare ta da fasasshiyar kwalba ta dace da hannunsa. Faiba yadda ta zo haka za ka haƙura da ita.

Abin da nake ganin zai fi yi maka amfani shi ne ka san yadda ake gane itacen, domin na fi zaton a nan ciwonka yake. Yawancin ƙotocin da ake jibgewa a bakin shagunan kayan gini, farare sumul, wasu har da fenti, daga ragowar katako aka yanko su da inji. Zarto ba ruwansa da inda zaren itace ya nufa, layinsa kawai yake bi. In zaren ya karkata, sai ya zamana babu zare ko ɗaya da ya taho daga kan ƙotar har gindinta, duk sun fita ta gefe a hanya. Ita ce mai karyewa kamar mashi ɗin nan. Mahaifina bai taɓa sa zarto a tsawon ƙota ba: ko dai ya sami reshe miƙaƙƙe da ya yi daidai ya sassaƙe shi da gizago, ko ya faskara gungume, domin faskare zare yake bi, ba ya ƙetare shi. Kai ma in za ka saya, ɗauki ƙotar ka bi layin jikinta da ido daga sama har ƙasa. In layin ya gudu ta gefe kafin ya kai rabi, ajiye ta. In akwai kulli a wuya ko a tsakiya, ajiye ta. In an shafe ta da fenti mai kauri har ba ka ganin jikin itacen, ka tambayi kanka me ake ɓoyewa. Ɗaga ta ka ji nauyi, ka danna farce; in farcenka ya shiga, katakon silin ne ko malaina, ba na ƙota ba. Ka kuma buga gindinta a kan siminti: busasshiya lafiyayya ƙara take yi tsaf, ɗanya ko mai tsaga a ciki sai ka ji luƙus.

Turawan Amurka da itacen hikori suke alfahari, na Turai da wanda suke kira ash, kuma gatura da gudumomi masu tsada da ake shigowa da su yawanci hikori ne a jikinsu. Itace ne na kirki, ba musu, yana lanƙwasa ya dawo. Amma ba mu rasa namu ba. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, tana da tauri da jimiri, ni ita nake fara nema. Marke ma haka, ga nauyi ga ƙarfi. Bagaruwa tana yi, magarya tana yi, kanya tana yi in an sami miƙaƙƙiya. Kirya gara ba ta kusantarta, amma ni a ganina ta cika nauyi da ƙagewa a doguwar ƙota, gara a bar wa turmi da gawayin maƙera. Ga shi ma masu gawayi sun kusa ƙarar da ita a wurare da yawa. Darbejiya ita ce ta ko'ina, za ta yi maka shebur da fartanya, a diga ma a lallaɓa, amma ba zan sa ta a gudumar laba 14 ba. Itacen turare yana tsagewa yana murɗewa in yana bushewa, sai wanda ya san hannunsa. Hanya mafi sauƙi: ka je kasuwar ƙauye ranar cinta, rumfar masassaƙa kusa da maƙera take, ka kai wa mutum kan diga ɗaya da kan guduma ɗaya ya ga raminsu, ka ce ya yi maka guda ashirin. Ka biya shi da kyau, ka gaya masa ba ka gaggawa.

Rashin gaggawar nan ita ce rabin aikin, saboda yanayin ƙasarmu. Itace yana shan laimar iska yana kumbura, yana fitar da ita yana ramewa, kuma a kauri yake yin haka, ba a tsawo ba. A Kano da kewayenta laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, a watan Agusta kuma takan kai kashi 80. Itacen da ya zauna a iska ta farko ruwan jikinsa yakan tsaya wajen kashi 4 zuwa 5 na nauyinsa, a ta biyun kuwa wajen kashi 16. A ramin da faɗinsa ya kai santimita 4, wannan bambancin zai iya rage wa itacen kusan milimita 1. Kana jin milimita ɗaya kamar ba komai, amma ita ce tsakanin kan da ya cije da kan da ke rawa. Shi ya sa ƙotar da aka kwaɓa da damina take sakin kai da zarar iskar hunturu ta kaɗa. Wadda aka kwaɓa a tsakiyar hunturu, da itacen da ya bushe ƙarau, ta riga ta gama ramarta, duk abin da zai biyo baya ƙara matse ta zai yi. Don haka ka sayi ƙotocinka da kaka, ka jingine su a inuwa inda iska ke ratsawa, kada a ƙasa saboda gara, kada kuma a rana don kada su tsage, ka kwaɓa su a Janairu ko Fabrairu.

Na san abin da yaranka ke yi in kan guduma ya fara rawa: su tsoma ta a durom ta kwana. Da safe ta cije gam, kowa ya ce an gyara. Ba a gyara ba, an ci bashi ne. Itacen ya sha ruwa yana son kumbura, ƙarfe ya hana shi, sai zarensa ya murƙushe a cikin ramin, kuma abin da ya murƙushe ba ya dawowa. Ranar da ya bushe sai ya fi da rama. A sake jiƙawa, ya sake murƙushewa. Ni da idona na ga ƙarshen wannan wasan a wani aikin kwalbati da muka yi da sanyi: yaro ya ɗaga gudumar da ta kwana a ruwa kwana uku da suka wuce, kan ya fice ta baya, ya bi ta gefen kunnen mai kwaɓa siminti ya lotsa baro. Da taki ɗaya mutumin ya matsa, da wani zancen ake yi. Tun ranar na hana jiƙa ƙota a duk inda nake da iko.

Gyaran gaskiya ba shi da wuya. Ramin guduma ya fi matsewa a tsakiya, ya buɗe ta sama da ƙasa. Ana sassaƙe kan ƙotar da magagari a hankali, ana gwadawa ana cirewa, duk inda ƙarfe ya bar baƙin tabo a rage wurin, har ta shiga ta zauna ba tare da wani gibi ba. Ba kan ake doka ba: a riƙe ta kan yana lilo ƙasa, a doki gindin ƙotar, kan da kansa zai hau. Kafin nan an tsaga saman ƙotar da zarto, zurfin kamar kashi biyu cikin uku na ramin. Sai a fiƙe weji na busasshen itace mai tauri a danna a tsagar har ya ƙi shiga, a yanke abin da ya yi saura a bar ɗan kaɗan a sama, sannan a gicciya ƙaramin weji na ƙarfe, wanda kowane maƙeri zai buga maka. Ƙusoshi huɗu da ake dannawa a kan ƙota ba weji ba ne, tsaga itacen kawai suke yi. Bayan haka a kankare duk wani fenti, a goge da samfefa, a shafa mai. Man linsid na masu fenti shi ne asali, domin yana shiga ya bushe a ciki. Sai dai tsumman da aka shafa shi da shi kada a dunƙule a jefa a sito, yana iya kama wuta da kansa, a shanya shi a fili. In babu, man kaɗe ya wadatar. Baƙin man inji da wasu ke shafawa ban yarda da shi ba, yana sa santsi kuma ba abin da za a bar wa fata yini guda ba ne. Wuyan ƙotar kuma a yanko robar tsohon tub na mota a naɗe shi tam, kamar faɗin tafin hannu. Wannan kaɗai zai rage maka karayar zarcewa sosai, har ma wani foman ɗin zai ce maka da shi ba ka bukatar faiba. Ni dai na ce ka saya, don na san robar za ta warware ranar da ba ka nan, kuma babu wanda zai mayar.

Gatarinmu na gargajiya da fartanya da galma ba su ma shiga wannan gardamar ba. Su ruwan ƙarfen ne ke da wutsiya mai tsini, a gasa ta a wuta a huda kan ƙotar da ita, masassaƙi kuma ya zaɓi wurin da reshe ya rabu da uwa, inda zare ya cuɗe ba ya tsagewa. Babu inda faiba za ta shiga a nan. Gatari irin na Turawa mai rami, in na mutum ɗaya ne mai faskare, itace. In na gida ne da ake ɗauka sau biyu a shekara a yar a bayan ɗaki, faiba ta fi, don za a same ta yadda aka bar ta.

Fayif ɗin abokinka fa? Na san abin da ya gani, ba ya karyewa. Amma bugun da ƙota ba ta shanye ba, wani ne zai shanye shi, kuma wuyan hannun yaronka ne da gwiwar hannunsa da kafaɗarsa. Wata biyu ka ji yana cewa yatsunsa suna dindiris da dare. Kan guduma kuma ƙarfe ne mai tauri da aka yi wa wuta da ruwa a ma'auni. Zafin walda yana ɓata wannan, gefen waldar ya yi gautsi, wata rana ya tsage ba sallama, ga kilo shida a sama. Fayif zagayayye ne, yana juyawa a hannu, alhali ƙota ana yin ta da siffar ƙwai ne don tafi ya san inda fuskar guduma ta dosa ko ido bai duba ba. Ka bar shi a rana da bazara ka ga ko zai taɓu. In kuma diga ce ta sari wayar lantarki a ƙasa, sai dai mu ce inna lillahi. Akwai hamomin kamfani irin na Estwing da aka ƙera kai da ƙota daga ƙarfe guda aka sa musu mariƙi mai rage girgiza. Waɗannan daban ne, kada a haɗa su da aikin mai waldan bakin titi.

Tunda na ambaci lantarki: za ka ji mai shago ya ce faiba ba ta ɗaukar wuta. Busasshiya mai tsabta ba ta ɗauka, haka ne, kuma ta fi jiƙaƙƙen itace aminci. Amma wadda ta sha laka da gumi, ko ta tsage, ba abin dogaro ba ce. Kayan haƙan da aka yi musamman don aiki kusa da waya suna da tambarin gwaji a jikinsu, na Ingila BS 8020 ne, ana gwada kowane ɗaya da wuta mai ƙarfin bolt 10,000 kafin a yarda a yi aiki da shi kusa da bolt 1,000. In babu irin wannan tambarin, ɗauke ta a matsayin ƙota kawai, ka nemi sanin inda waya ta bi kafin a fara haƙa.

Saura gane ta gaske, domin araha ba ta ado, kuma jabun faiba ya fi mugun itace sharri: shi itacen ko ba komai kana ganin aibinsa. Akwai waɗanda roba ce zalla da rami a ciki, akwai masu ɗan siririn zare kamar fensir a tsakiya don a ce akwai. Leƙa saman kan. A mai kyau za ka ga gam ya cika ramin fal, sumul, babu kumfa, babu tsaga a zagayen inda ya haɗu da ƙarfe. Dafa kan a ƙasa ka danna tsakiyar ƙotar da gwiwa: ta gaske da ƙyar za ta motsa, jabu za ta lanƙwashe kamar rake. Ƙwanƙwasa ta, in ta yi ƙarar gwangwani ajiye ta. Riƙe kan ka murɗa ƙotar da ƙarfi, ko gezau kada ta yi. Ka fi son wadda wuyanta ke da ƙarin kauri na roba. Kada kuma ka sayi shida rana ɗaya. Sayi biyu, ka ba yaran da suka fi ɓarna, ka rubuta ranar a littafinka, bayan wata uku ka duba wuyansu da gam ɗinsu, sannan ka koma wa mai shagon ko ka canza shi.

In da ni ne kai, ga yadda zan raba kuɗin: gudumomin faiba biyu na gwaji, ƙotocin aduwa ko marke guda ashirin daga hannun masassaƙi, a ajiye biyu a mota kullum, tsohon tub ɗaya, kwalbar mai ɗaya. Kowace diga a ƙona mata alama a gindi a damƙa wa mutum ɗaya, ya san tasa ce, shi zai kawo ta sito da yamma. Za ka yi mamakin yadda karaya ke raguwa in an san hannun wa za a tambaya. Kowace safiya kafin a fara, wanda ka wakilta ya ɗauki gudumomin ɗaya bayan ɗaya ya girgiza kan, na itace da na faiba duka, wadda ta yi motsi a ajiye ta gefe. Karyayyun ƙotocin da na ce ka kwaso kuwa, in ka duba ka ga abin da bai yi kama da ukun da na faɗa ba, ɗauki hotonsu ka turo mini in gani.